Ruwa da Iska: Karatun da Masunci Ke Yi Kafin Ya Shiga Tabki

  Hirarmu ta yau a kan su ce, wato kamun kifi. Mun fi nufin mutanen gundumar Tasawa da ta Mayahi, cikin jahar Maraɗi, amma kowa na iya tsintar abin amfani a ciki.

Wani zai ce, "Ina ruwan mutumin Mayahi da su? Mu manoman hatsi ne da wake da gujiya." Gaskiya ne, ba mu da babban kogi. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, ba safai ruwa ke gudu cikinsa ba, sai goriba da ta cika kwarin. Amma muna da tabkuna. Wani tabki ya riƙe ruwa wata uku, wani wata shida, wani ya kai har bazara. Ma'aikatan ruwa da daji sukan zuba ƴaƴan kifi cikin waɗanda ke daɗewa da ruwa, don mutanen gari su sami nama da kuɗin kashewa. Ban da haka, samarinmu da yawa in an gama girbi sukan tafi ci-rani. Wasu su yi su a tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, wasu su kai kogin Kwara, wasu har tabkin Cadi. To, yaron da ya tashi cikin rairayi bai san halin ruwa ba, shi ne ya fi bukatar wannan magana.

Abu biyu ne masunci ke dubawa kafin ya jiƙa ƙafarsa. Na farko, ruwa yana ƙaruwa ne ko yana ja? Na biyu, daga ina iska ke busowa, kuma da wane ƙarfi? Waɗannan biyu su ne ke faɗa maka inda kifi yake. Su ne kuma ke faɗa maka ranar da za ka zauna gida.

Ruwan teku yana cika sau biyu a rana

Bari mu fara da teku, ko da yake ƙasarmu Nijar ba ta da ita. Wanda ya je Kwatano ko Ikko ya gani da idonsa. Da safe ka ga ruwa ya hau kan rairayi, bayan kamar awa shida ka ga ya ja baya, bayan wata awa shida ya sake dawowa. Sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa, tsakanin dare da rana.

Me ke kawo haka? Wata ne, wannan da muke duba don azumi da salla. Wata yana janyo ruwan teku zuwa gare shi, rana ma tana taimakawa da nata ja. Ka lura, kowane dare wata yana jinkirin fitowa da kamar minti 50 a kan na jiya. Haka cikar teku ma take jinkiri da kamar minti 50 kowace rana. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, jan wata da na rana suna haɗuwa kan layi ɗaya, sai cikar ta fi girma, janyewar ma ta fi nisa.

A Kwatano da Ikko bambancin bai da yawa, kamar mita ɗaya ne ko ya ɗara kaɗan. Amma akwai wata ƙasa mai tsananin sanyi can arewacin Amurka, sunanta Alaska, inda a wasu wurare bambancin yakan wuce mita 5. Wato ya fi tsawon mutum uku. A can akwai wani kifi da Turawa ke kira halibut. Faffaɗa ne kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya suke, yana kwanciya a ƙasan teku. Babbansa yakan wuce kilo 100. Wasu mutane suna kama shi daga cikin ɗan siririn jirgi mai cin mutum ɗaya, wanda ake kira kayak. Ba sa jefa ƙugiya sa'ad da ruwa ke gudu da ƙarfi, don gudun zai ɗauke ta kafin ta kai ƙasa. Suna jiran ɗan lokacin nan da ruwa ya gama cika bai fara ja ba, ko ya gama ja bai fara cika ba. Kuma abin da suka fi tsoro shi ne ruwa ya nufi gabas iska ta nufi yamma, su yi karo. Nan igiyar ruwa ke miƙewa tsaye, ta kifar da jirgi.

Ga abin da ya sa muka kawo maganarsu. Masuncin can ba ya fita sai ya karanta takarda. Ana buga masa ita tun farkon shekara, da ranaku da awoyi da tsawon ruwa. Karatu ne ke tsare masa rai. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Namu ruwa sau ɗaya yake cika a shekara

Tabki ƙarami ne, jan wata ba ya motsa shi yadda ido zai gani. Cikarsa da janyewarsa ruwan sama ne da rana. Daga watan Yuni zuwa Satumba yana cika. Daga Oktoba ya fara ja, har damina ta zagayo. A ƙasar Tasawa da Mayahi ruwan da ake samu a shekara yakan kama kamar milimita 400 zuwa 500, wata shekara ya fi, wata ya kasa. Tsofaffi ba su manta 1973 da 1984 ba, shekarun da ruwan sama ya yi ƙaranci, tabkuna suka ƙafe tun da wuri. Rana da iska kuwa suna iya shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara daga tabkin da ke buɗe. Ka ga abin da ke fita ta sama ya fi abin da ke saukowa daga sama. Ba don ruwan da ke gangarowa daga tudu da gonaki ba, da babu tabkin da zai tsaya.

Kifi ya san wannan lissafi sarai. Da ruwan farko ya malala cikin ciyawa, sai tarwaɗa ta bi shi cikin dare, ta shiga wurin da ruwa bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai jikin ciyawa. Ita karfasa, namijin ne ke haƙa ɗan rami kamar ƙwarya a wuri marar zurfi. Macen ta kwashe ƙwan cikin bakinta, ta riƙe su har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci. In ka taɓa kama karfasa ka ga ƴaƴa na zubowa daga bakinta, ba cinye su take yi ba, goyo ne.

Lokacin nan kifi yana da sauƙin kamu a bakin ciyawa, har da sanda ana iya bugunsa. Amma wanda ya kama uwa mai ƙwai cikin Yuli, kamar manomin da ya daka irin shuka ne ya yi fura. Shi ya sa a garuruwa da yawa sarkin ruwa da ƙungiyar masunta sukan rufe tabki da damina, sai kaka ko bayanta a buɗe. Kada ka ga kamar an tauye ka. Haka kuma gidan sauro na gado ne, ba na tabki ba: idonsa ƙanana ne, ba ya barin ko ɗan da bai kai yatsa ba. Zuba guba cikin ruwa kuwa dokar ƙasa ta hana, ga shi ruwan nan dabbobinmu ke sha.

In ruwa ya fara ja, kifi ya bar ciyawa ya bi shi zuwa gurbi mai zurfi. Wanda ya san mashigar da ruwa ke bi yana komawa tabki, nan zai kafa gura. Kullum ruwa na raguwa, kifi na matsuwa wuri ɗaya, su na ƙara sauƙi. Daga ƙarshe sai taɓo. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kamar mu, shi ya sa take daɗewa cikin laka, har ta ja ciki bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa ta nemi wani ruwa. Gaiwa ta fi ta dabara. Ita takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar ƴar ƙofar numfashi, ta kwanta har damina ta dawo. Karfasa ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Ruwa ya ƙafe, ta mutu. Saboda haka in tabkinku mai ƙafewa ne, sai ku san lokacin da za ku kwashe ta, kada ku bar wa tsuntsaye.

Abu ɗaya game da gulbi da ƙorama. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ta wajen Katsina da Jibiya. Ana iya yin ruwa can, kai nan kana ganin rana tsaka, sai ga ruwa ya taho da itace da shara. In ka ga ruwan gulbi ya sake launi ya yi ja, kumfa da karare na tahowa, ka fita. Kada ka tsaya naɗe koma.

Iska

Nan za mu daɗe, don iska ita ce ke sakewa kowace rana, kuma ita ta fi cin mutane.

Iskarmu iri biyu ce babba. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, busasshe, da sanyi da hazo. Daga wajen Mayu zuwa Satumba, iskar damina ke tahowa daga kudu maso yamma, daga teku, da laima. Ka tsaya bakin tabki ka saki ɗan ƙaiƙayi daga hannunka, za ka san wadda ke aiki yau.

Iska tana tura ruwan sama-sama zuwa bakin da ta nufa. Tana tafiya da ƙwari da suka faɗa ruwa, da ganye, da ƙananan abubuwa masu rai waɗanda ido ba ya gani, su ne ke sa ruwa ya yi kore. Wannan duk abincin kifi ne. Ƙananan kifi su bi abinci, manya su bi ƙanana. Saboda haka da hunturu, bakin kudu maso yamma, inda igiyar ruwa ke dukan gaɓa, ruwan ya yi gauraye, sau da yawa nan kifi ke kiwo. Bakin arewa maso gabas kuwa lumui yake kamar madubi. Da damina sai abin ya juya.

To amma ka ji tarkon da ke cikin wannan. Bakin da ya yi lumui shi ne mai yaudara. Kana tsaye iska na bayanka, gaɓa da itatuwa sun tare ta, ka ga ruwa kwance, ka ce yau lafiya lau. Ka hau gora ko ka shiga kwale-kwale. Kana yin nisa kaɗan, iska ta same ka, ta dinga tura ka tsakiya. Igiyar ruwa kuwa, gwargwadon nisan da iska ta yi a kan ruwa, gwargwadon girmanta. Tafiya ta yi daɗi, dawowa ta gagara, ga gajiya, ga nauyin kifi da jiƙaƙƙiyar koma. A ƙaramin tabki iyakarta ka fita ta wancan ƙetare ka zagayo da ƙafa. A Madarunfa, wanda in ya cika yakan kai ɗaruruwan eka, ko a tabkin Cadi, ba haka abin yake ba. Dabarar masunta ita ce: ka fita kana fuskantar iska tun kana da ƙarfi, don in ka gaji ta rako ka gida.

Mai gora ya fi kowa bukatar wannan. Gora ita ce jirgin Bahaushe tun kaka da kakanni. Mutum ya kwanta bisa kanta da ciki, ya yi tuƙi da hannu da ƙafa, ya zuba kifi ta bakinta. Da ita ake shiga ruwa a bikin kamun kifi na Argungu, cikin jihar Kabi ta Najeriya, wanda aka fara a 1934. Ba ta da nauyi, tana zaune bisa ruwa, shi ya sa iska ke wasa da ita. In ta kuɓuce maka cikin iska, ta fi ka sauri, ba za ka cim mata da iyo ba. Ka ɗaura mata igiya. Mai kwale-kwale kuma ya sa goshin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa, kada ya ba ta gefe. In zai jefa birgi cikin iska, ya jefa iska na bayansa, in ba haka ba birgin ya naɗe ya dawo kansa. Igiyar birgi da ke wuyan hannu a yi mata ɗaurin zarge mai saurin kwancewa, don in birgi ya maƙale a kututture ƙarƙashin ruwa kada ya ja mai shi.

Wane lokaci ne iskar hunturu ta fi ƙarfi? Ba da asuba ba. Da asuba takan kwanta. Hantsi ne take tashi, wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, sa'an nan ta lafa da la'asar. Wanda ya kafa kalli ko mamari da yamma, gara ya je ɗauka da sassafe, ya fito kafin hantsi. Sai dai da ɗari ruwan safe yana da sanyi ƙwarai, yana ɗaure jijiya, ya kashe hannu. Kada ka daɗe ciki, kada ka shiga kai kaɗai. Shi ma kifi sanyi na hana shi ci. Karfasa kifin zafi ce: in ruwa ya yi sanyi sai ta koma zurfi ta yi lamo, ba ta kula ƙugiya sai rana ta ɗumama bakin tabki. Mai fatsa da ɗari, bayan azahar ne kasuwarsa. Hazo ma abin lura ne a babban ruwa, don yana ɓoye gaɓa. Ka riƙe ko ta wane kunci iska ke dukanka sa'ad da ka fita, da shi za ka gane hanyar komawa.

Hadarin damina daban yake. Ko da yake iskar damina daga kudu maso yamma take, babban hadari daga gabas yake tasowa, kowane manomi ya san wannan. Da fari iska ta ɗauke ɗif, a yi zufa. Sai gabas ta yi baƙi, ko ta yi ja da ƙura kamar bango. Iska mai ƙarfi ce ke riga ruwa isowa, kuma ita ke kifar da jirgi. Daga ganin bangon nan zuwa isowarsa ba nisa. Ga wani lissafi mai sauƙi: in ka ga walƙiya, ka fara ƙirga a hankali, ɗaya, biyu, uku, har ka ji tsawa. Kowane uku kamar kilomita ɗaya ne tsakaninka da ita. In ka ƙirga tara, tana kilomita uku, wato ta iso. Mutum bisa ruwa shi ne abin da ya fi komai tsawo a wurin, aradu kuwa dogo take nema. Ka fito tun tsawar farko, kuma kada ka fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Ga wata dabara marar tsada. Jarka mai cin lita 20, wadda wasu ke cewa bido, in babu komai ciki kuma an toshe bakinta da kyau, tana iya ɗaukar nauyin kusan kilo 20 bisa ruwa. Wannan ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Ka ɗaura mata igiya ka ajiye cikin jirgi. In jirgin katako ya kife, yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya: ka riƙe shi, kada ka bar shi ka ce za ka kai gaɓa da iyo.

Ranar da iska ta ƙi busawa

Kada ka ɗauka iska abokiyar gaba ce kullum. Kifi ma yana numfashi. Akwai iskar shaƙa narke cikin ruwa, wadda masana ke kira oksijin, kifi na tace ta da jan naman nan da ke gefen kansa. Iska mai kaɗa ruwa ita ce ke ƙara masa wannan. Ciyawar ruwa da koren nan ma suna ƙarawa da rana, amma da dare su ma sha suke yi. Ruwan zafi kuwa ba ya riƙe ta da yawa. Saboda haka da bazara, tabki ya ragu, kifi ya matsu, dare ya yi zufa babu iska, da asuba sai ka ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki. Alama ce numfashi ya yi musu ƙaranci. In aka jera kwanaki haka, za su mutu.

Haka nan ruwan farko mai ƙarfi yakan kwaso kashin dabbobi da shara ya zuba cikin tabki, ya kuma tada baƙar lakar da ke ƙasa. Ruɓar waɗannan na cinye iskar shaƙa. Gari ya waye kifi na yawo ciki sama. An ce ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma kafin a zargi wani da zuba guba har a ɓata zumunci, a duba ko wannan ne dalili. A kira ma'aikacin ruwa da daji ya gani. Kifin da aka tarar matacce, ba a san abin da ya kashe shi ba, kada a ci, kada a kai kasuwa. Iyayenmu mata masu suya da banda, ku ma wannan ta shafe ku.

Ka rubuta taka takarda

Mun ce masuncin Alaska yana da takardar da aka buga masa. Kai ba wanda zai buga maka ta tabkin garinku, amma yanzu ka iya rubutu da lissafi. Ka samo doguwar sanda mai ƙwari, ka auna ta da ma'aunin tela, ka yi tsaga kowane santimita 10, ka rubuta lamba. Ka kafa ta cikin tabki inda shanu ba za su ture ta ba. Kowace Juma'a ka je ka duba. Ka rubuta abu huɗu cikin littafinka: kwanan wata, lambar da ruwa ya kai, inda iska ta fito, da kifin da aka kama.

Ga misali. A ce ƙarshen Oktoba wuri mafi zurfi mita 2 ne, wato santimita 200. A ce ka lura kowane mako ruwa na raguwa da santimita 7, tsakanin abin da rana ta sha, da wanda ƙasa ta tsotse, da na dabbobi da masu lambu. Bakwai a kwana bakwai, santimita ɗaya ke nan a rana. Santimita 200 za su ƙare cikin kwana 200, wato wajen tsakiyar Mayu. Da zafi ya shigo raguwar na iya ƙara sauri, littafinka zai nuna maka. Tun ruwa bai kai ƙugu ba, sai ka kai lissafin gaban mai gari da sarkin ruwa, a sa ranar su, a gaya wa mata su tanadi itacen banda da gishiri. Baɗi kuma, in ma'aikata sun zo tambayar ko tabkinku ya cancanci a zuba masa ƴaƴan kifi, wata nawa yake riƙe ruwa, zurfinsa nawa, sai ka buɗe littafin ka karanta musu.